ALBARUSHI DA HARSASHI: YADDA MAI TSARON GONA ZAI ZAƁA, YA ƊURA

Gona a gindin dutse

Wanda ya san ƙasar Rano da Kibiya ya san ƙasa ce mai duwatsu. Ko ka bi ta Rurum, ko ka nufi Kibiya, za ka ga manyan duwatsu tsaitsaye, gonaki kuwa sun kewaye gindinsu. Ƙasar tana da albarka, tana yin dawa da gero da masara da gyaɗa da wake. Amma kogon dutse gidan namun daji ne. Kurege yana tone gyaɗa tun ranar shuka. Gafiya tana jan hatsi zuwa raminta. Zomo yana cin ganyen wake. Zabin daji da fakara suna tsince iri. Jan biri kuwa ya kan sauko da safe ya karya masara, abin da ya zubar ya fi abin da ya ci.

Saboda haka manoma da yawa su kan nemi bindiga, ko su kira maharbi. To, waɗannan dabbobi duka ƙanana ne. Ga maganar da wannan littafi ya ke so ka riƙe: ƙaramar dabba ba ta bukatar babban ɗuri. Ƙwayar harsashi daidai da dabba, albarushi daidai da bindiga. Daidai ruwa, daidai tsaki. Wanda ya ƙi awo, ba kurege kaɗai zai kuskure ba, watakila ya rasa yatsunsa, ko idonsa, ko ya kashe ɗan maƙwabcinsa.

Bindigogi iri uku

Bindigogin farauta iri uku ne. Ta fari ita ce bindigar toka, wadda a ke ɗura ta ta baki. Waɗansu suna ce mata adaka, masu ba'a kuwa suna ce mata harba-ka-ruga. Mai ita shi ne ke auna albarushi da dalma da hannunsa ko wane harbi.

Ta biyu ita ce mai kwanso, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda a ke karya ta a tsakiya a sa harsashi ta baya. A cikin kwanson nan an riga an haɗa albarushi da toshi da ƙwayoyin dalma tun daga ma'aikata. Cikin bututunta sumul ya ke, kamar na bindigar toka, ita ma watsa ƙwayoyi ta ke yi.

Ta uku ita ce raiful. A cikin bututunta an yi tsagi mai murɗewa, don harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara, ya tafi sak. Ƙwaya ɗaya tak ta ke fitarwa, amma tana kai ta nesa ƙwarai.

Ko wace iri da abincinta. Abincin wannan guba ne ga waccan.

Dalilin da ya sa bindigar toka ta yi yawa

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya faɗi an kawo bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Irin waɗannan bindigogi daga bakin teku su ke zuwa, inda fataken Turawa ke sayar da su. Da yawa a cikinsu a Birmingham ta ƙasar Ingila aka ƙera su.

A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Birasals ta ƙasar Beljiyam, suka ƙulla alkawari ba za a sayar wa mutanen tsakiyar Afirka bindigogi na zamani ba, sai mai ƙanƙara da baƙin albarushi na kasuwa. Shi ya sa bindigar toka ta daɗe a hannun maharbanmu bayan Turawa sun bar ta, har maƙeranmu suka koyi ƙera ta.

Amma akwai wani bambanci wanda ya kamata ka sani. A Birmingham akwai gidan gwajin bindiga, an kafa shi tun 1813. Can a ke ɗura wa sabon bututu ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi, a harba shi a cikin ɗaki mai kauri, ba kowa a kusa. In bai fashe ba, sai a buga masa hatimi. Bututun da aka yi da famfon ruwa ko da guntun ƙarfen mota ba wanda ya gwada shi haka. Kafaɗar mai shi da fuskarsa su ne gidan gwajinsa. Don haka awonsa ya zama ƙarami.

Zaɓen ƙwayar dalma

Ƙwayoyin dalma suna da lamba. Abin da ke rikita mutane shi ne, in lamba ta yi girma, ƙwaya ƙarama ce. Bisa lissafin Ingila, oza ɗaya, watau giram 28, tana ɗauke da ƙwayoyi kamar haka:

Lamba 6, ƙwaya wajen 270.
Lamba 4, ƙwaya wajen 170.
Mai alamar BB, ƙwaya wajen 70.
Mai alamar SG, ƙwaya 8 kaɗai.

Yanzu ka yi tunani. Da ƙwayoyi sun bar bakin bindiga sai su bazu, kamar yadda mai shiƙa ke watsa hatsi. In ka ɗura manyan ƙwayoyi 8 don kurege, a yadi 30 tsakanin wannan ƙwaya da waccan zai isa akuya ta wuce, balle kurege. In kuwa ƙwaya 270 ce, da wuya ya sami ƙofar fita. Amma ƙaramar ƙwaya tana gajiya da wuri, ba ta huda fata mai kauri daga nesa.

Ga abin da ya dace. Lamba 6 don kurciya da hasbiya da fakara da kurege. Lamba 4 don zabo da zomo da gafiya, gama gashin zabo yana da kauri, yana tare ƙananan ƙwayoyi. BB don abin da ya kai girman dila ko beguwa, shi ma daga kusa. Kada ka harbi gadu ko wata babbar dabba da ƙwayar tsuntsu. Ba za ta faɗi ba, sai ta tafi da rauni ta ruɓe a daji, ko ta juyo kanka.

Waɗansu su kan ɗura guntayen ƙusa, ko yankakken rodi, ko 'ya'yan boris na keke, ko tsakuwa, don ba su da tsada. Arha ce mai tsada. Ƙarfe yana kankare cikin bututu har ya yi siriri. Abin da ba dunƙulalle ba kuwa ba ya tafiya sak, ya kan karkace inda ya ga dama. Mafi muni, dalma in ta bugi dutse ta kan lotse, ƙarfinta ya ragu, amma ƙwallon ƙarfe ya kan yi tsalle ya komo. A ƙasa mai duwatsu kamar Rano wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Albarushi iri biyu ne

Akwai baƙin albarushi mai hayaƙi, shi ne na bindigar toka tun asali. In ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, sai ya zama hayaƙi da toka. Akwai kuma albarushi marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙago a 1884. Shi ne ke cikin harsashin kwanso na yanzu da na raiful. Ƙarfinsa ya kai kusan ninki uku na baƙin albarushi in nauyinsu ɗaya ne, kuma gwargwadon yadda aka matse shi, gwargwadon yadda ya ke ƙara saurin ƙonewa.

Saboda haka ka ji wannan gargaɗi da kunne biyu. Kada ka tsaga kwanso ka juye albarushinsa cikin bindigar toka, ko kaɗan ne, ko gauraye da baƙi. Bututun zai fashe a daidai inda hannunka na hagu ya ke riƙe da shi. Kada launi ya ruɗe ka, gama albarushi marar hayaƙi ma akwai baƙi a cikinsa. In ba ka san asalin albarushi ba, kada ka ɗura shi. Haka kuma garin kan ashana, da na abin wasan wuta na yara, ba albarushin bindiga ba ne. Su kan tashi tun kana cikin dannawa.

Albarushi ba ya son laima, ba ya son wuta. Ka ajiye shi cikin ƙaho ko gora mai toshi, nesa da murhu da fitila da mai shan taba, inda hannun yaro ba ya kai.

Yadda a ke awo da ɗuri

Maharba da yawa suna auna ɗuri da yatsa. Bayan sun ɗura, sai su zura sanda su ga yatsa nawa ta rage a waje, su ce ɗurin yatsa uku ne ko huɗu. Waɗansu kuwa a tafin hannu su ke zubawa. Amma yatsan wannan ba na wancan ba ne, yatsa uku a faffaɗan bututu kuwa ya fi yatsa uku a siriri nesa ba kusa ba. Kamar yadda ba ka yarda a auna maka hatsi a kasuwar Rano sai da mudu, haka kada ka yarda da albarushi sai da ma'auni. Ka yanke guntun ƙaho ko gora, ya zama shi ne mudunka kullum.

Tsohuwar ƙa'idar maƙeran Ingila ita ce, ma'aunin da ya auna albarushi shi ne zai auna ƙwayoyi, cikinsa ɗaya na wannan, cikinsa ɗaya na wancan. Wannan don bututun da aka gwada ne. A bututun gida sai a rage albarushi, kada a ƙara. Ƙarin albarushi ba ya ƙara nisa yadda mutane ke zato. Abin da ya ke yi shi ne ya lotse ƙwayoyi, ya tarwatsa su, ya bar fili a tsakiya, watau daidai wurin da ka auna. Ƙara ta yi yawa, kafaɗa ta yi ciwo, zomo ya tsere. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Ga dokokin ɗuri:

1. Kafin ka ɗura, ka duba bututu. Zanzaro ya kan yi gini a cikinsa, ƙasa ta kan shiga in baki ya caki kunya. Bututu mai toshiya fashewa ya ke yi.

2. Ka yi alama a jikin sandar ɗuri, ɗaya ta bindiga marar kome, ɗaya ta mai ɗuri. Da haka ba za ka ɗura biyu bisa juna ba.

3. Kada ka zuba albarushi daga ƙaho kai tsaye cikin bututu. Ka zuba a ma'auni tukuna. In akwai sauran garwashi a ciki, abin da ke ma'auni kaɗai zai tashi, ba ƙahon duka ba.

4. Albarushi, sa'an nan toshi, sa'an nan ƙwayoyi, sa'an nan ɗan toshi marar kauri. Ka tabbata kome ya zauna bisa albarushi, ba a bar sarari tsakani ba. Amma dannawa a ke yi, ba daka ba.

5. Kada fuskarka ko tafinka su rufe bakin bindiga sa'ad da ka ke ɗuri.

6. Kada ka sa 'yar hular tagulla, ko albarushin kunne, sai ka isa wurin harbi.

7. In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka leƙa. Ka bar bakinta yana duban inda ba kowa har minti guda, gama albarushi mai laima ya kan yi jinkiri sa'an nan ya tashi.

8. Ran da ka yi harbi, ranar za ka wanke bututu da ruwan zafi, ka busar, ka shafa mai. Tokar albarushi tana jawo laima, laima tana kawo tsatsa, tsatsa kuwa tana cin ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani.

Mai kwanso shi ma ya kula

Galibin masu kwanso a ƙasarmu lamba 12 ne. Ma'anar lambar ita ce, dunƙulen dalma 12 masu cika bakin bindigar su ne nauyin laba ɗaya. Amma kwanson lamba 12 ba tsawonsa ɗaya ba. Akwai na milimita 65, da na 70, da na 76. An rubuta tsawon da bindiga ke ci a jikin bututunta, an kuma rubuta a jikin kwanso. Dogon kwanso ya kan shiga gajeren gurbi, bindiga ta rufu lafiya lau, amma sa'ad da aka harba bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, sai ƙarfi ya taru fiye da kima. Ga amfanin karatun da ka koya: ka karanta lamba kafin ka saya. Kada kuma ka haɗa kwanson lamba 20 da na 12 a aljihu ɗaya. Na 20 ya kan zurma cikin bututun 12 ya maƙale, ka zaci ba kome, ka sa wani a bayansa.

Ƙaramar raiful

A Amurka da Ingila manomin da ɓarna ta dame shi ya fi amfani da ƙaramar raiful mai lamba .22. Faɗin bakinta milimita 5.6 ne. Harsashinta wanda aka fi sani ya fito a Amurka a 1887, nauyin dalmarsa wajen giram 2.6, yana tafiya wajen ƙafa 1,200 a sakan ɗaya. Iri biyu ne: mai dunƙulallen kai, da mai rami a kai. Mai ramin ya kan buɗe cikin jikin dabba ya kashe ta nan take, don haka shi a ke zaɓa wa zomo. Mai dunƙulallen kai ya kan ratsa ta ya wuce.

Wannan kwanso wutarsa a gefen gindi ta ke, ba a saba sake ɗura shi ba. Waɗanda wutarsu ke tsakiya, kamar .22 Hornet wanda ya fito wajen 1930, su ne maharban can ke sake ɗurawa a gida. Abin koyi a wurinsu shi ne awo. Suna raba laba ɗaya kashi 7,000, suna auna albarushi da sikeli har zuwa ushirin kashi ɗaya daga ciki. Suna bin littafin ma'aikata, su fara daga ƙaramin awo, ba su wuce iyakar da aka rubuta. In masu ƙarfen da aka gwada suna irin wannan tsoro, ina ga mai famfon ruwa?

Gwaji a takarda

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin masara ta nuna, ka sami takardar buhun siminti, ka zana da'ira mai faɗin inci 30, ka kafa ta a jikin suri ko gaɓar rafi mai taushi inda ba kowa a baya. Ka ja da baya taki 30, ka harba. Ka duba hudojin. In akwai filin da zomo zai kwanta ba ƙwaya ta taɓa shi, ka rage albarushi kaɗan, ko ka sake ƙwaya ƙarama, ka sake gwadawa. Abu ɗaya za ka sake ko wane gwaji, don ka san abin da ya kawo gyara. In ka sami awon da ya cika da'ira, ka rubuta shi, ka tsaya a kansa. Nisan da takarda ta nuna maka, shi ne iyakarka. Bindiga mai watsa ƙwayoyi, ko ta ma'aikata ce, ba ta kisa mai tsabta bayan yadi 40.

Ina harsashi zai faɗi?

Iyakar kisa daban, iyakar tafiya daban. Ƙwayar lamba 6 ta kan yi tafiyar fiye da yadi 200, BB ta kai wajen 350. Harsashin .22 kuwa, duk da ƙanƙantarsa, masu yinsa suna rubuta a kwalinsa cewa yana da haɗari har mil ɗaya ko mil ɗaya da rabi, kuma ya yi suna wajen tsalle in ya goge dutse ko ruwa. Da kaka dawa ta fi mutum tsawo. A bayanta akwai mai roron wake, da yaro mai kiwo, da Bafillace da shanunsa. Kada ka harbi motsi, kada ka harbi sauti. Sai ka ga dabba sarai, ka kuma ga abin da ke bayanta. Kada ka harbi abin da ke kan dutse wanda sararin sama ne kaɗai a bayansa. Harsashi ba ya jin kira.

Dalma guba ce

A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, daga ƙurar duwatsun zinariya da aka niƙa cikin gidaje. Dalmar harsashi ita ce dai dalmar nan. In za ka narkar da ita, ka yi a fili nesa da gida, da kaskon da ba a girki da shi, ba yaro ko mai ciki a kusa, ɗigon ruwa ma kada ya faɗa ciki. Kada ka riƙe ƙwayoyi a baki. Ka wanke hannu kafin ka ci tuwo. Naman da aka harba, a tsince ƙwayoyin, a yanke wurin da suka bi a yar.

Doka, da abin da ba a harbi

Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai haramtattu, irin na soja. Akwai na mutum, watau mai kwanso da raiful ta farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai masu ɗuri ta baki, al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba laifi ne. Kafin ka sayi kome, ka tafi ofishin 'yan sanda ka ji abin da a ke ciki. Farauta cikin gandun daji kamar Falgore ba ta halatta ba sai da izini, kuma dokar 1985 ta kare waɗansu namun daji. Ma'aikatan gandun daji za su gaya maka su.

Ba ko wace ɓarna ce maganinta harsashi ba. Jan baki dubbai su ke zuwa, in ka kashe ashirin ba abin da ka rage, gwangwani da majajjawa sun fi. Ɓera maganinsa tarko da kyanwa da rumbu mai kyau. Biri yana da wayo, tsaro da kare da ƙarar albarushi ba dalma sun isa su kore shi. Mujiya tana cin ɓeraye, bushiya tana cin ƙwari, ungulu tana share mushe, ga shi ta yi ƙaranci har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Waɗannan 'yan ƙodagonka ne waɗanda ba ka biya.

Abin da ka harba don ci, malamai sun ce ka yi bisimilla sa'ad da za ka saki harbi, in ka tarar da shi da rai ka yanka. Ɗurin da ya dace shi ne ke sa dabba ta faɗi nan da nan ba da wahala ba.

To, ya mai karatu, ka yanke ma'auninka, ka yi wa sandarka alama, ka karanta lambar kwanso, ka gwada a takarda tun damina ba ta yi nisa ba. Maharbin kirki ba da ƙarar bindigarsa a ke saninsa ba, sai da yatsunsa goma cif ranar da ya tsufa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da tsautsayi.